Na Bar Jaki Na Daki Taiki

Duk wanda ya san Illela ya san ranar Lahadi. Tun da asuba shanu da raƙuma da tumaki suke kwararowa kara daga Nijar, motocin Sakkwato suna sauke mutane, 'yan canji suna ƙirga sefa da naira a bakin hanyar Ƙonni. A cikin wannan hada-hada, a shekarun baya, akwai wata haja da ba kowa yake lura da ita ba, wato ƙananan littattafan Hausa da ake sarowa daga Kano, a biyo da su ta Sakkwato da Gwadabawa, a baje su a kan buhu kusa da masu turare da man shafawa. Matan aure ba su cika zuwa saye da kansu ba. Yara ake aikowa, ko 'yan talla su karɓo haya su shiga da su gidaje. Littafi ɗaya sai ya zaga unguwa har bangonsa ya rabu a ɗinke shi da zare, wani ma ya tsallaka iyaka ya kwana a Ƙonni.

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare, kuma na shafe shekaru ina ƙin waɗannan littattafai ba tare da na taɓa karanta ko guda ɗaya ba. Daga nan duk abin da zan faɗa ya samo asali.

A kwaleji an rene mu da littattafan da suka fito daga gasar 1933: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jiki Magayi, sannan daga baya Magana Jari Ce. Har gobe ina girmama su. Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne duk maza suka rubuta su, kuma da idon namiji suke kallon duniya. A Jiki Magayi an aurar da Zainab ga mai kuɗi an bar saurayinta Abubakar, sai labarin ya bi Abubakar daji neman abin ramuwa, ya bar Zainab a ɗakin da aka kai ta. A Shaihu Umar uwa ta bi sawun ɗanta har ta faɗa hannun masu bauta, muna yaba mata a aji, muna cewa ga uwa ta gari. Ban taɓa tambayar ɗalibaina abin da ke cikin zuciyar waɗannan mata ba, don ni ma ban taɓa tambayar kaina ba.

Da littattafan soyayya suka cika kasuwa, masana suka yi ta muhawara a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu. Su dai sun karanta kafin su yi magana. Ni kuwa a bakin abokan aiki na tsinci muhawarar, na ɗauki ɓangaren da ya yi mini daɗi, na riƙa maimaitawa kamar ni na binciko. Idan na shiga aji na ga yarinya ta sunkuyar da kai ƙarƙashin tebur, na san abin da take yi. Sai in ƙwace littafin, in ɗaga shi sama 'yan aji su gani, in ce ga abin da ke kashe aure a ƙasar Hausa. A watan Mayun 2007 labari ya iso mana cewa an tara irin waɗannan littattafai a wata makarantar 'yan mata a Kano an cinna musu wuta, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ban san waɗanne aka ƙona ba, ban kuma nemi sani ba. Na dai ji a raina cewa ashe ina kan daidai.

Da daminar wannan shekara ƙanwata ta yi yaji.

Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba namiji, don haka duk maganar gida a kaina take ƙarewa. Mijinta dillalin shanu ne. Yakan shiga Nijar saro dabbobi, ya bi tirela zuwa Kudu, ya yi makonni ba ya gari. A waje mutumin kirki ne, ba ya rasa sahun farko a masallaci, in an yi rasuwa shi ke fara kawo goro. Na dawo daga makaranta na tarar da ita zaune a ƙofar ɗakin Inna, goyo a baya, ƙunshin kaya a gefe. Inna ta ce, “Ga ƙanwarka nan, sai ka ji ta bakinta.”

Ta fara magana a hankali. Ta ce in zai yi tafiya sai ya auna hatsin da ba zai kai rabin kwanakin ba, ba kuɗin cefane, ba na sabulu. Ta ce da yaro ya kwanta zazzaɓi 'yan kunnenta ta sayar ta kai shi asibiti. Ta ce kwanonin jerenta sun kusa ƙarewa, ɗaya bayan ɗaya take fitar da su. Ta ce yanzu kuma ta ji ana haɗa lefe, zai ƙaro aure. Ta rufe da cewa, “Yaya, na gaji.”

Tambaya biyu na yi mata. “Shina bugun ki?” Ta ce a'a. “Shina salla?” Ta ce yana yi. Na ce, “To mi kika biɗa?”

Ta yi shiru. Can ta ce, “Wallahi Yaya, wani lokaci in na dubi ɗiyan ga sai in ji da ban haihe su ba, da tuni na san inda dare ya yi mini.”

Inna ta yi salati. Ni kuwa jikina ya ɗau rawa. A duk rayuwata ban taɓa jin uwa ta furta irin wannan magana ba. Ban tsaya na tambayi abin da ya kai ta ga faɗin haka ba. Tambayar da na yi ita ce, “Ina kika koyo wannan?” Na riga na yanke a raina cewa maganar ba tata ba ce, daga wani wuri ta aro ta. Idona ya kai kan ƙunshin kayanta, na ga gefen takarda ya leƙo daga cikin zane. Na kwance ƙunshin a gabanta. Littattafai ne 'yan kaɗan, duk sun ji jiki. Sunan ɗaya daga ciki ya zauna mini a ka saboda karin magana ne: Alhaki Kuykuyo Ne.

Murhun Inna yana ci, an ɗora tukunyar tuwon dare. Na sauke tukunyar da hannuna, na tura littattafan cikin wuta. Damina ce, takardun sun sha sanyi, suka ƙi kamawa, sai hayaƙi. Na shiga ɗaki na ɗauko kalanzir na fitila na zuba. Wannan tafiya zuwa ɗaki da dawowa ita ce ta fi damuna har yau, domin ta ba ni lokacin da zan sake tunani, ban kuwa sake ba. Ƙanwata ta ce, “Yaya, ba nau na ba, na haya na.” Na ce mai hayar ya zo ya same ni. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya tana kallo har suka cinye, sannan ta gyara goyonta ta shiga ɗaki.

Da mijin ya dawo ya aiko wansa biko da ƙwaryar goro. Na tarbe shi a zaure, na ce ai zo mu zauna zo mu saɓa ne, mun gano abin da ke hure mata kunne, mun kuma yi maganinsa. Ban ambaci hatsi ba, ban ambaci 'yan kunne ba. Na kira ta na yi mata nasiha mai tsawo a kan haƙuri, na ce mahaƙurci mawadaci, na ce aljannarta tana ƙarƙashin biyayya. Bayan magariba aka raka ta. Washegari a ɗakin malamai na ba da labari, aka yaba mini.

Daga ranar ba ta sake yin yaji ba. In mun haɗu a suna ko sallah na tambaye ta gida, sai ta ce, “Lahiya lau, Yaya.” Na ɗauki wannan shiru a matsayin shaidar cewa maganina ya yi aiki. Na fara ganin babbar 'yarta da faranti a ka tana tallar waina a tasha a lokacin da ya kamata tana aji. Na gani da idona, na ce a raina ai kowace yarinya tana talla. Haka shekaru suka shuɗe.

Abin da ya buɗe mini ido ba wani hankali nawa ba ne. Na koma ƙarin karatu a Sakkwato, aka ba mu darasi a kan rubutun mata, dole sai ka karanta kafin ka ci jarrabawa. A jerin akwai So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, da littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da na Balaraba Ramat Yakubu. Malamin ya gaya mana cewa a 2012 Aliyu Kamal ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba zuwa Ingilishi, wani kamfani a Indiya ya buga shi. Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗa ita ce wannan labari ne ya sa na buɗe littafin da mutunci. Da ƙanwata ta riƙe shi, na ga shara. Da na ji baƙi a wata nahiya sun ga darajarsa, na gyara zama.

Na fara karantawa bayan isha'i, da biro a hannu, ina shirin ja wa wuraren batsa da rashin kunya layi. Ban sami abin ja ba. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu ɗan kasuwa, uwar 'ya'ya tara. Mijin yana da hali, amma abin da yake bayarwa a gida ba ya isa, kuɗinsa a waje suke ƙarewa. Ya auro Delu, macen bariki, rikici ya tashi, aka kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sana'ar abinci, ta riƙe su, ta aurar da 'yarta Saudatu ga mutumin kirki. Ina karantawa ina jin kamar an taɓa ba ni wannan labari. Sai na tuna inda na ji shi. A ƙofar ɗakin Inna ne, daga bakin wadda muka fito ciki ɗaya.

Duk da haka zuciyata ta sami mafaka. Na ce ai ni ba Alhaji Abdu ba ne. Ina ciyar da iyalina, ban taɓa korar mace ba. Na ci gaba da karatu da wannan kwanciyar hankali, har na iso ƙarshe. Gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta watsar da shi, ya dawo ba shi da komai. Rabi ta riga ta tsaya da ƙafafunta, ba ta bukatarsa. Sai maza na kusa da ita suka taru, masu mutunci, masu kyakkyawar niyya, suka matsa mata ta karɓe shi. Ba mugaye ba ne. Suna ganin gyara suke yi. Sun dubi sunan gida, sun dubi abin da mutane za su ce, sun dubi halin da namijin ya shiga. Abin da ita take so bai shiga lissafinsu ba.

A nan na ajiye biro. Na daɗe ina neman kaina a littafin ban gani ba, ashe a shafukan ƙarshe aka ajiye ni. Ni ne mutumin da ke zaure yana karɓar goro. Marubuciyar ba ta san ni ba, littafin ya fito tun 1990, shekara 17 kafin in sauke tukunyar Inna, amma ta san irina sarai, ta san kalmomin da muke faɗa da yadda muke jin daɗin kanmu bayan mun faɗe su. Na tashi na fita tsakar gida, na dawo na zauna, na sake karanta shafukan ko zan sami wata fassara da za ta wanke ni. Babu. Sai tambayata ta dawo mini, ina kika koyo wannan. Mace ta zo ta ce 'ya'yanta suna kwana da yunwa, ni kuma na tashi neman wanda ya koya mata cewa yunwa tana da zafi. Ga mijin da ya auna hatsin, yana nan da ransa, na san gidansa, na san rumfarsa a kara. Na bar shi na kama takarda. Na bar jaki na daki taiki.

Wani abu kuma ya ƙara nauyin abin. Littafin da na ƙona shi ne kaɗai a wancan gida da ya yarda da maganarta. Inna tana tsoron a ce 'yarta ta kasa zaman aure. Ni ina tsoron a ce gidan malam ba tarbiyya. Takardar nan ce kawai ta ce mata abin da take ji gaskiya ne, ita kuwa na zuba wa kalanzir.

Da na dawo Illela na tafi gidanta da hantsi, lokacin da na san mijin ba ya nan. Na tarar da ita gaban tanda tana suyar waina. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa. Na ce na zo neman gafara a kan littattafan nan. Ta daɗe tana juya waina kafin ta amsa. Ta ce, “Yaya, littafin bai koya mini komi ba. Abin da ke ciki, cikin ɗakina na san shi tun ban karanta ba. Abin da ya yi mini guda na: na gane ba ni kaɗai ta ba, kuma ban haukace ba.”

Na tambaye ta yadda aka ƙare da mai haya, domin bai taɓa zuwa wurina ba. Ta ce ita ta biya. Tasar ƙarshe da ta rage cikin jerenta ta sayar. Ta ce amma ba wannan ya dame ta ba. “Ranar da ka ce ina na koyo, ranar na san ba ni da wurin kai kuka.” A shekarar da na ƙona littattafan ta cire babbar 'yarta daga makaranta ta ɗora mata talla, don ta tabbata ba mai taimako da zai zo daga gidansu. Lokacin da nake zaune a kan tabarmar nan an riga an aurar da yarinyar. Ni malamin makaranta ne, ina koyar da 'ya'yan wasu, 'yar ƙanwata ko firamare ba ta gama ba, kuma da hannuna a ciki.

Ta ce ta yafe. Na gode mata, amma yafiya ba ta mayar da yarinya aji ba.

Tun daga lokacin nake bin diddigin yadda mutum mai karatu, wanda yake son ƙanwarsa, zai yi abin da na yi. Na gano cewa sauƙi na bi. In na yarda da maganarta, dole in fuskanci suruki mai faɗa a ji, in shiga bakin mutane, wataƙila in ɗauki nauyin mace da 'ya'yanta a kan albashin malami. In kuwa littafi ne mai laifi, ashana ɗaya ta isa. Na kira abin da na yi kishin tarbiyya, alhali rabinsa gudun ɗawainiya ne.

Sai kuma maganar 'ya'ya, wadda ita ta fi firgita ni. Mun saba mu ji mace ta ce, “Zaman 'ya'yana nake yi,” mu ce madalla, ba ma tsayawa mu ji abin da take nufi. Tana nufin auren ya mutu, 'ya'yan ne suka hana ta fita. Wadda take cikin wannan hali tana iya son 'ya'yanta fiye da ranta, kuma a lokaci guda ta ji nauyinsu yana danne ta. Ƙanwata da ta faɗi waccan magana ita ce ta sayar da 'yan kunnenta don ɗanta ya sha magani. Maganar gajiya ce, ni kuma na ji ta a matsayin saɓo.

Da na faɗaɗa karatu na ga ashe kukan ba na Illela ba ne kaɗai. Wani abokina malami a Ƙonni ya nuna mini littafin Mariama Ba ta Senegal, wanda ya fito a 1979, ake karanta shi a makarantun ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Doguwar wasiƙa ce da Ramatulaye, uwar 'ya'ya 12, ta rubuta wa ƙawarta tana cikin takaba, tana ba da labarin yadda mijinta ya auri ƙawar 'yarsu ya juya wa gidansa na fari baya. A wannan shekarar dai Buchi Emecheta ta fitar da labarin Nnu Ego, 'yar ƙabilar Ibo da ta ƙarar da ƙuruciyarta da lafiyarta wajen renon 'ya'ya a Legas, tana sa ran za su riƙe ta in ta tsufa. Manyan suka tafi karatu ƙasashen waje, ita ta mutu a bakin hanya ba kowa a kanta, sannan aka yi mata gagarumar jana'iza. Ita Balaraba da kanta, ƙanwar Janar Murtala Muhammad, tana ƙaramar yarinya aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, auren bai daɗe ba. A Wa Zai Auri Jahila? ta ba da labarin Abu, wadda aka hana karatu aka aurar da ita ga tsoho Sarkin Noma, ta gudu Kano ta nemi ilimi. Mata uku, harsuna uku, ba su zauna sun haɗa baki ba. Abin da suka gani a gidaje ne ya zo ɗaya.

Ko zargin da na yi ma ba ni na fara shi ba. A littafin Madam Bobari na Faransa, wanda aka gurfanar da marubucinsa gaban kotu a 1857 aka sallame shi, da matar ta shiga ƙunci a gidan aure sai uwar miji ta ba da shawara a hana ta karanta littattafan labari, a yanke hulɗarta da mai ba da haya. Hakan bai warkar da komai ba.

Ba ina cewa duk littafin da aka baje a kasuwa alheri ne ba. Bayan na karanta da yawa na ga masu rauni, na ga masu cusa wa 'yan mata mafarkin mota da gidan bene, na ga waɗanda ba zan ba 'yata ba. Amma yanzu in na soki littafi, na karanta shi, zan iya nuna shafin. Kuma na lura cewa mafi ƙarfinsu ba labarin soyayya suke bayarwa ba. Labarin abin da ke biyo bayan kai amarya suke bayarwa: kishiya, saki, rowar miji, uwar miji, ɗawainiyar 'ya'ya. Abubuwan da muka hana mata faɗa a zaure su ne suka koma takarda.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne ban bukaci wani littafin boko ba kafin in san daidai. Na karanta babin aure a Risala tun ina yaro, na san ciyarwa da tufatarwa wajibi ne a kan miji, na san mace tana da damar kai ƙara gaban alƙali in an hana ta. Na san Hindu matar Abu Sufyan ta kai kukan rowar mijinta wurin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai ce mata ta koma ta yi shiru ba, ya ba ta izinin ɗaukar abin da zai ishe ta da 'ya'yanta. Na haddace Suratul Mujadala, wadda ta sauka a kan Khaula da ta zo tana kai ƙarar mijinta, Allah Ya ji kukanta. Kuma a ƙasar da nake zaune, ba nisa da Maratta inda aka haifi Shehu Usmanu, ba nisa da Degel inda aka haifi Nana Asma'u a 1793, Shehu ya zargi malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa kuma ta kafa 'Yan Taru don ilimi ya isa ga matan ƙauye. Duk wannan yana cikin kaina ranar. Na tsallake shi na ɗauko haƙuri kaɗai, domin shi ne ba ya neman komai daga gare ni.

Haƙuri gaskiya ne, ba na jayayya da shi. Amma ranar nan mutum biyu ne suke bukatar nasiha, na yi wa wadda aka zalunta, na bar wanda ya yi zaluncin ya tafi da yabo. Nasihar da take gangara kan mai rauni kullum, ba ta taɓa hawa kan mai ƙarfi ba, taimakon zalunci ce ko da da ayoyi aka yi ta.

Na yi abin da ya rage a iya yi. Na tara manya, muka zaunar da mijin, aka faɗa masa abin da ya kamata a faɗa masa shekaru da suka wuce. Na ɗauki karatun ƙananan yaran. Na tambaye ta, a karon farko, ko tana son zama ko tana son fita, na ce duk wanda ta zaɓa ina bayanta. Ta ce yanzu kam za ta zauna, yaran sun girma, sana'arta ta kafu. Da aka rufe iyaka a watan Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, harkar mijin ta tsaya cik, wainarta ce ta riƙe gidan. Mutane suka riƙa ce mini, ka ga ribar haƙuri, da ka bar ta ta fita da yanzu ina labari. Ba na karɓar wannan yabo. Ƙoƙarinta ne da taimakon Allah, kuma da an saurare ta tun farko da ba ta biya da karatun 'yarta ba.

Na rubuta wannan ne don na san ba ni kaɗai nake zama a zaure ba. Kai ma wa ne ko uba ko kawu, ke ma uwa ce ko gwaggo, kuma wata rana wata za ta zo da goyo a baya ta ce ta gaji. Zuciya za ta kawo maka wanda za ka ɗora wa laifi nan take. Jiya littafi ne, yau waya ce da fim da ƙawaye. Wataƙila ma akwai ƙamshin gaskiya a zargin. Amma kafin ka kai can, ka bar ta ta gama magana. Ka tambaye ta me aka ci jiya a gidan, wa ya biya kuɗin magani, yaushe rabon da a yi mata magana mai daɗi. Ka je ka ji ta bakin mijin, ka gaya masa gaskiya ko da ya fi ka kuɗi. In ta faɗi kalmar da ta girgiza ka, ka nemi abin da ya matse ta har kalmar ta fito. Bayan wannan duka, in akwai wurin haƙuri, ka ba su shi su biyun. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Allah Ya yafe mana abin da muka yi wa waɗanda Ya ba mu amanarsu.